Ranar Da Ramatulaye Ta Ce A'a

Ranar sadakar arba'in ɗin Modu Fal, bayan an yi addu'a an shafa, yayansa Tamsir ya shiga ɗakin mai takaba tare da liman da kuma aminin mamacin, likita Mawdo Ba. Ya zauna, ya gyara murya, ya shaida wa Ramatulaye cewa da zarar ta fita takaba shi zai aure ta. Ba shawara ya kawo ba, sanarwa ce. Matansa uku a gida, kuma su ke riƙe da gidan da sana'o'insu: ɗaya rini, ɗaya sayar da kayan marmari, ɗaya ɗinki. Matar da ta yi shekara 30 tana haɗiye magana sai ta buɗe baki a gaban liman ta wanke Tamsir tas. Ta nuna masa cewa ita ba ta cikin dukiyar gadon da ake rabawa, ta tuna masa cewa ƙaninsa ko kwana 41 bai yi a ƙasa ba, ta kuma ce ya cire gidanta daga lissafinsa.

Wannan shafi na littafin Mariama Ba, Une si longue lettre, wanda masu karatun Turanci suka sani da So Long a Letter, ba ya raba kan masu karatu. Budurwa da tsohuwa, ɗan boko da malamin zaure, kowa na jin sanyi a ransa idan ya zo wurin. Wanda ya yi karatun fiƙihu ma yana da ƙarin hujja, domin ya san shari'a ta hana fito-na-fito da neman auren mace tana cikin idda, ta hana a gaji mace kamar kaya, kuma bazawara ba a ɗaura mata aure sai da yawun bakinta. Tamsir ya taka duka ukun a zama ɗaya.

Amma 'yan shafuka kaɗan bayan wannan, wani mutum daban ya zo da irin wannan buƙata, cikin ladabi da mutunci da ƙauna ta gaskiya, shi ma Ramatulaye ta ce masa a'a. A nan tafin yake yankewa. Sama da shekara 40 ke nan masu karatu suna rabuwa gida-gida a kan wannan amsa ta biyu, kuma a ganina a nan zuciyar littafin take, ko da yake hayaniyar da aka fi ji a kansa ta kishiya ce.

Malamar makaranta mai shekara 50

An haifi Mariama Ba a Dakar a 1929. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, kakanninta na wajen uwa suka rene ta, suka sa ta makarantar allo, ba su kuma so ta yi nisa a boko ba. Mahaifinta Amadu Ba, wanda daga baya ya zama ministan lafiya na Senegal, shi ya tsaya mata. A 1943 ta zo ta ɗaya a jarrabawar shiga makarantar horon malamai mata ta Rufisque, inda ake tara 'yan mata daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Ta fita a 1947, ta koyar shekara 12, sannan rashin lafiya ya mayar da ita ofishin masu duba makarantu. Ta haifi 'ya'ya 9, ta ɗanɗani aure da mutuwar aure, ta yi aiki da ƙungiyoyin mata. Ba ta fitar da littafi ko ɗaya ba sai da ta kai shekara 50. Kamfanin Nouvelles Éditions Africaines na Dakar ya buga shi a 1979, bayan 'yar jarida Annette Mbaye d'Erneville ta yi ta ƙarfafa mata gwiwa.

A 1980 littafin ya ci kyautar Noma, karon farko da aka bayar da ita, aka miƙa mata a bajekolin littattafai na Frankfurt a Jamus. A 1981 fassarar Turanci ta Modupe Bodé-Thomas ta fito a jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann. A watan Agusta na wannan shekarar ciwon daji ya yi ajalin marubuciyar, kafin littafinta na biyu ya fito. Shekara 2 kacal ta yi tana ganin abin da alƙalaminta ya tayar. A 2002, da aka fitar da jerin littattafai 100 mafi daraja da Afirka ta samar a ƙarni na 20, nata yana cikin 12 na sahun gaba. Littafin ɗan siriri ne, ana iya gama shi a dare ɗaya, kuma har yau ana karanta shi a makarantun sakandare da jami'o'i a ƙasashe masu amfani da Faransanci da masu amfani da Turanci.

Labarin wasiƙa ce guda ɗaya mai tsawo. Ramatulaye, malamar makaranta mai 'ya'ya 12, ta rubuta ta a cikin wata 4 da kwana 10 na takaba zuwa ga ƙawarta ta ƙuruciya, Aisatu, da ke Amurka. Auren soyayya ta yi da Modu, duk da mahaifiyarta ba ta so ba. Tare suka gina gida, tare suka biya bashinsa. Bayan shekara 25, wata ranar Lahadi da yamma, Tamsir da Mawdo da liman suka yi sallama cikin manyan riguna suka shaida mata cewa Modu ya ƙara aure ɗazu. Amaryar ita ce Binetu, ƙawar babbar 'yarta Daba, yarinyar da ke zuwa gidan yin bitar karatu, wadda ta sha ba su labarin wani tsoho da ke saya mata tufafi masu tsada ba tare da sun san tsohon nasu ba ne. Ramatulaye ta zaɓi ta zauna, ta shirya raba kwana. Modu bai sake kwana a gidan ba har zuciyarsa ta buga a ofis bayan shekara 5. Da aka zauna rabon gado sai tulin bashi ya fito fili: ya jinginar da gidan da suka gina tare ya saya wa amarya da uwarta wani, ya biya wa surukansa kujerar Makka, ya cire yarinyar daga makaranta da alkawarin biyanta faran 50,000 duk wata.

Gardamar farko: kishiya

Da littafin ya ƙetara teku, da yawa daga masu karatun Turai da Amurka sun rungume shi a matsayin shaida daga bakin mai abu cewa Musulunci da al'adun Afirka kurkuku ne ga mace, kuma auren mace fiye da ɗaya shi ne ƙofar kurkukun. Haka aka riƙa koyar da shi a azuzuwa da dama. A gida kuma wasu suka ɗauki wannan fahimtar suka juya ta ta zama tuhuma. Masanin adabi ɗan Najeriya Femi Ojo-Ade, a wata maƙala da ya buga a 1982, ya kalli fafutukar 'yancin mata da ke cikin littafin a matsayin baƙuwar aƙida daga Yamma da ta kama 'yan boko mata. Har yau za ka ji irin wannan magana a bakin wasu maza da suka karanta shi a makaranta: wai matar ta yi karatun Nasara ne ta dawo tana yaƙi da sunna.

Ina ganin ɓangarorin biyu sun karanta littafin da suka zo da shi a ransu ne, ba wanda ke gabansu ba. Ramatulaye mace ce mai salla da carbi, mai tashi da asuba, wadda ta yi takabarta cikakkiya ga mijin da ya wulaƙanta ta domin ta yarda haƙƙi ne a kanta. Ba ta nemi saki ba da aka yi mata kishiya. Abin da ya karya mata zuciya shi ne ɓoyon da aka yi mata, da zaɓen ƙawar 'yarta, da kuma watsin da aka yi da ita da 'ya'ya 12 ba ci ba sha ba kwana. Mutanen Senegal fiye da kashi 90 cikin 100 Musulmi ne, mabiya mazhabar Malikiyya kamar mu, kuma duk wanda ya karanta babin aure a Risala ya san abin da Modu ya yi ba shi da suna sai zalunci. Aya ta 129 a Suratun Nisa'i ta ja kunnen namiji kan ya karkata gaba ɗaya ga mace ɗaya ya bar ɗayar ba a sake ta ba, ba a riƙe ta ba. Halin da Ramatulaye ta yi shekara 5 a ciki ke nan. Wata masaniya 'yar Najeriya, Obioma Nnaemeka, ta yi wannan bayanin da kyau a 1997, inda ta nuna cewa mazan littafin 'yan birni ne da ke fakewa da izinin ƙara aure, suna kwasar daɗinsa suna zubar da sharuɗɗansa, har ya zama a zahiri mace ɗaya suke zaune da ita, sun dai canza tsohuwa da sabuwa ne.

Duk da haka ba gaskiya ba ne a ce Mariama Ba ba ta da ƙorafi kan kishiya ita kanta. Tana da shi, kuma ta sa shi a bakin Aisatu. Abin da ba ta yi ba shi ne mayar da addininta abokin gaba. Kuma gardamar ba ta mutu ba a ƙasarta. Dokar iyali ta Senegal ta 1972 ta ba namiji zaɓi ranar ɗaurin aure a gaban hukuma: ya sa hannu kan mace ɗaya, ko ya iyakance adadi, ko ya bar ƙofa a buɗe har huɗu, in kuma bai zaɓa ba doka ta ɗauka ya bar ta a buɗe. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2019 ya nuna kashi 23 cikin 100 na mutanen Senegal suna zaune ne a gidajen da ke da mace fiye da ɗaya, a Najeriya kashi 28, a Nijar kashi 29. A 2024 Bassirou Diomaye Faye ya hau dandalin yaƙin neman zaɓe riƙe da hannun matansa biyu, ya kuma ci zaɓen shugaban ƙasa, sai tsohuwar muhawarar ta sake tashi sabuwa fil. Ko a cikin marubuta mata na Senegal baki bai zo ɗaya ba. Ken Bugul, wadda ta yi shekaru a Turai sannan ta dawo ta zama mata ta 28 da wani tsohon shehi ya taɓa aura, ta rubuta littafinta Riwan a 1999 tana bayyana natsuwar da ta samu a wannan gida, abin da ya girgiza masu karatun da suka ɗauka Mariama Ba ta riga ta rufe zancen.

A zauna ko a tafi

Gardama ta biyu ta fi ta farko zafi, domin tsakanin mata ake yin ta. Aisatu 'yar maƙerin zinariya ce, ta auri Mawdo ɗan gidan sarautar Sine. Uwar mijin ba ta taɓa yafe wannan haɗin ba. Ta je garinsu ta ɗauko 'yar ɗan'uwanta, ta rene ta shekara da shekaru, sannan ta ce wa ɗanta ko ya aure ta ko baƙin ciki ya kashe uwarsa. Mawdo ya aura, yana rantsuwa cewa biyayya ce kawai. Aisatu ta ajiye masa takarda a kan gado, ta kwashi 'ya'yanta maza 4 ta fita. Ta koma karatu, ta ƙware a aikin tafinta a Faransa, ta samu aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka.

'Yan mata masu karatu galibi Aisatu ce gwanarsu. Sukan ce ita ce mai zuciya, ita ta san darajar kanta, Ramatulaye kuwa me take jira a gidan da aka gama da ita? Daba ma, a cikin littafin, abin da ta ce wa uwarta ke nan: ta rabu da shi kamar yadda Aisatu ta yi. Matan da suka kwana biyu a ɗakin aure sukan yi shiru da wannan tambayar, sannan su amsa da wata: ta tafi ina da 'ya'ya 12? Su sun san abin da ake kira zaman 'ya'ya, sun san gidan uba ba ya ɗaukar mace mai shekara 45 da zugar yara, sun san kuma gidan da ake cewa ta bari da albashinta aka biya rabinsa. Ba sabon abu ba ne ka ji mace ta ce ta karanta littafin tana aji biyar na sakandare ta ji haushin Ramatulaye, ta sake karanta shi bayan haihuwa ta huɗu ta yi kuka. Littafin bai canza ba, mai karatun ce shekaru suka taɓa.

Abin da ya burge ni shi ne marubuciyar ta ƙi raba gardamar. Ramatulaye ba ta zargi ƙawarta da rashin haƙuri ba, ta yaba mata. Aisatu ba ta raina ƙawarta ba. Da ta ji tana faman rububin motar haya da yara, sai ta biya kuɗin sabuwar mota ƙirar Fiat 125 ta ce ta je ta zaɓi launin da take so. Masu karatu da yawa sun ce wannan ƙawancen shi ne auren da bai mutu ba a littafin, kuma ina tare da su. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Sai dai akwai wani sashe da 'yan makaranta kan wuce da sauri domin ba a cika tambayarsa a jarrabawa ba, alhali shi ne ya fi taɓa waɗanda suka manyanta. Bayan labarin auren Modu, Ramatulaye ta tsaya gaban madubi ta dubi jikinta: abin da haihuwa 12 da shayarwa suka bari, ƙibar da ta zo, ƙuruciyar da ta tafi. Ba ta yaudari kanta ba, ta san ba za ta yi gasa da yarinya sa'ar 'yarta ba. Daga nan littafin ya bi ta cikin ƙananan abubuwa. Ita ke bin layin biyan kuɗin wuta da ruwa, sau da yawa ita kaɗai ce mace a layin. Ita ke kiran mai gyaran famfo, ita ke canza makullin da ya lalace. Ta fara zuwa sinima ita kaɗai da rana, mutane na kallonta suna mamakin babbar mace ba namiji a gefenta, har ta daina damuwa da idanunsu. Da dare rediyo ke ɗebe mata kewa. Ta koyi tuƙi tana tsoro, ta ci jarrabawar lasisi. Ba wani abin a-zo-a-gani a cikin waɗannan, amma a cikinsu ne matar da aka sani da matar Modu da uwar Daba ta gano cewa akwai wata Ramatulaye da ta rage bayan an cire waɗannan sunaye biyu. Ita ce ta iya duban idon Tamsir.

Dauda Dieng

Dauda Dieng, mutumin da ya zo bayan Tamsir, tsohon mai neman aurenta ne, wanda mahaifiyarta ta so ta aura. Likita ne, ɗan majalisar dokoki, mai dukiya, mai kamun kai, wanda ba a taɓa jin sa da abin kunya ba. Shekara 30 bai daina sonta ba. Da ya zo gaisuwa suka yi hira irin wadda ta daɗe ba ta yi da namiji ba, har ta ƙalubalance shi kan yadda majalisa mai kujera 100 ke da mata 4 kacal, shi kuma ya saurare ta da jin daɗi. Ya nemi aurenta, ya yarda zai ɗauki nauyinta da na 'ya'yanta. Maƙwabciyarta Farmata, mai wuri da duba, har ta fara guɗa. Ramatulaye ta rubuta masa takarda ta ba Farmata ta kai. Ta ce tana ganin girmansa amma zuciyarta ba ta sonsa irin son da aure ke buƙata, kuma ba za ta shiga tsakaninsa da matarsa Aminata da 'ya'yansu ba bayan ta san ɗacin abin a bakinta. Ta miƙa masa abota. Ya ƙi karɓa, bai sake dawowa ba.

Farmata ta zage ta tas, ta ce ta yi wa arzikinta ƙafar ungulu, kuma masu karatu da yawa bakinsu ɗaya da Farmata. Na fahimce su. A Dakar ko a Kano ko a Damagaram, darajar mace ɗakin mijinta, haka aka rene mu. Mace mai shekara 50 ba a tambayarta ko tana so, ana tambaya ne ko mutumin kirki ne, ko zai riƙe ta, ko za ta samu wanda zai tsaya kan gawarta. Har suna muke da shi ga irin wannan aure na manya, auren ɗauki-sandarka, inda tana gidanta yana zuwa, an samu inuwar aure an rufa asiri. Ga wanda ya tashi a wannan tunani, maganar so a bakin mai jikoki kamar wasa ce, ko ma rashin godiyar Allah. Wasu kuma sukan kawo hujjar addini, su ce ga halal ta zo har gida ta mayar.

Amma shari'ar da ta halatta wa Dauda ya nema ita ce ta ba Ramatulaye ikon ta ƙi, ba tare da ta kawo dalilin da zai gamsar da unguwa ba. Kuma a duba abin da ta ƙi yi. Ta ƙi karɓar dukiyar mutum da sunansa da kwanansa alhali ta san ba za ta iya biyansa da zuciyarta ba. Ta ƙi zama wa Aminata abin da Binetu ta zama mata. Masu cewa girman kai ne ya hana ta, ina ganin ba su lura ba cewa wannan ne karo na farko a rayuwarta da wani babban al'amari ya zo hannunta ita kaɗai, ba uwa, ba miji, ba dangin miji, kuma ta yanke shi da gaskiya ko da gaskiyar ta bar ta cikin kaɗaici da ƙarancin kuɗi. Ba ta kuma ce ta gama da aure ba. Har ƙarshen wasiƙar tana nan kan imaninta cewa namiji da mace an yi su ne domin juna, tana kuma sa ran farin ciki bai ƙare mata ba. Wannan ma ya ɓata wa wasu rai ta ɗaya ɓangaren, masu son su ga ta yi wa maza baki ɗaya tawaye, suka ce ashe har yanzu tana cikin sarƙa. Matar da 'yan gargajiya ke ganin ta yi tsauri, 'yan zamani ke ganin ta yi laushi, da wuya a ce ba daga cikin rayuwa aka ɗauko ta ba, ko da yake marubuciyar ta sha faɗa a hirarraki cewa ba tarihin kanta ta rubuta ba.

Mai karatun Hausa yana da ma'auni a kusa. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi, uwar 'ya'ya 9, wadda mijinta Alhaji Abdu, ɗan kasuwar Sabon Gari, ya kore ta saboda amaryarsa Delu. Rabi ta kama sana'ar abinci, ta riƙe 'ya'yanta, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci, ta tsaya da ƙafarta. Da gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, amarya ta juya masa baya, sai dangi da surukai suka taru a kan Rabi har ta koma. Masu karatu sun yi ta jayayya kan wannan ƙarshen: wasu suka ce haƙuri ya yi riba, wasu suka ce an sake danne ta ne a daidai lokacin da ta fara numfashi. Rabi ba ta samu damar cewa a'a ba, Ramatulaye ta samu, kuma bambancin bai rasa nasaba da albashin malanta da takardar gida mai ɗauke da haƙƙinta. A cikin ɗimbin littattafan soyayya da aka buga a Kano tun daga shekarun 1980, taurarin galibi 'yan mata ne kuma labari kan ƙare da ɗaurin aure ko haihuwar fari. Matan da suka wuce 45 sukan fito ne a matsayin uwar miji ko muguwar uwargida ko hajiya mai nasiha. Shi ya sa Rabi da Ramatulaye suke da tsada.

Uwa, da yarinyar da aka manta

Sashen ƙarshe na littafin ya jawo nasa surutun. Ramatulaye ta kama 'ya'yanta mata uku suna shan taba a ɗaki, ranta ya ɓaci, ta tambayi kanta ko sakin da ta yi musu ya yi yawa. Sannan babbar jarrabawa ta zo: 'yarta mai sunan Aisatu, ɗaliba mai hankali, ta yi ciki da wani ɗalibin jami'a, Ibrahima Sal. Farmata na jiran ta ga duka da kora. Uwar ta yi fushi, ta tuna Allah, sannan ta rungume 'yarta. Ta kira yaron, ya zo da ladabi ya amsa laifinsa, aka tsara yadda karatun yarinyar ba zai tsaya ba da yadda za a yi aure. Iyaye da yawa na ganin wannan sassauci ne da zai buɗe ƙofar ɓarna. Ni kuwa ina ganin mace ce da ta san zafin a yi watsi da mutum a ranar da ya fi buƙatar a riƙe shi, ta ƙi yi wa 'yarta haka, ba tare da ta kira laifin da wani suna ba. Bayan haka ne ta zaunar da sauran 'yan matan ta yi musu maganar jiki da kamun kai a fili, maganar da ita ba a taɓa yi mata ba.

Masu karatun da littafin ya fi shafa, wato manyan mata da ba su yi boko mai zurfi ba, sun daɗe ba su kai gare shi ba saboda da Faransanci aka rubuta shi. Mame Younousse Dieng da Arame Fal sun mayar da shi harshen Wolof, aka kuma sake buga fassarar a 2016 a jerin littattafan Céytu da marubuci Boubacar Boris Diop ya kafa. A 2025 fim ɗin da Angèle Diabang ta yi shekaru tana haɗawa a kan labarin ya fito, jama'a suka yi ta cika sinima a Dakar, uwa da 'ya da jika. Majalisar da Ramatulaye ta yi wa gorin mata 4 kuwa, bayan dokar raba daidai ta 2010, zaɓen 2012 ya kai mata 64 cikin kujeru 150.

Mutum ɗaya ce har yanzu ba ta cika samun mai tausaya mata a cikin masu karatu ba, ita ce Binetu. Idan aka zo inda Daba da mijinta suka karɓe gidan da Modu ya saya wa amarya, suka ce uwarta ta kwashe kayanta, yawancin masu karatu murna suke yi, suna cewa alhaki ne. Ramatulaye ba ta yi murnar ba. Tun farko ta ga yarinyar a yadda take: 'yar talakawa mai kyau da ƙoƙari a aji, wadda ta yi kuka ta ce ba ta so, uwarta ta matsa mata saboda ta gaji da talauci tana son gida mai famfo da kujerar Makka. An cire ta daga makaranta ana saura 'yan watanni ta zauna jarrabawar ƙarshe. Ta yi shekara 5 tana jan tsoho zuwa gidajen rawa tana kallon sa'o'inta da samarinsu. Ranar da aka zo fitar da su, uwar tana kuka tana roƙo, ita ko uffan ba ta ce ba. Ta fita takaba tana da shekara ashirin da 'yan kai, da haihuwa 3, ba takardar shaidar karatu, ba sana'a, ba gida, ba kuma ƙawa a Amurka da za ta rubuta wa wasiƙa.